Neman shawara: E. coli ta ƙi motsi a farantin tiyofilin

Ɗalibi daga Maraɗi: Assalamu alaikum malamai. Ina da ƙwayar bakteriya E. coli wadda aka cire wa cheZ (ƙwayar halittar da take bukata don ta yi iyo ta yaɗu), na sa mata filasmid (ɗan zoben DNA) mai ɗauke da ribosuwic na tiyofilin a gaban cheZ, wato guntun RNA da ke kunna cheZ in akwai maganin tiyofilin don ƙwayar ta yi motsi, irin aikin da Topp da Gallivan suka fitar a 2007. Faranti: abincin ƙwaya na LB, gulukos kaɗan, agar kashi 0.5, tiyofilin 5 mM, zafi digiri 37. Awa 16, ɗigon yana nan inda na sa shi, da magani da babu duk ɗaya. Ribosuwic ɗin ne ya lalace?

Malama mai koyar da ilimin ƙananan halittu: Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka ɗora wa ribosuwic laifi tukuna, farantinka ne. Agar 0.5 ya yi tauri, ƙwayar ba ta iya iyo a cikinsa, koma 0.25 zuwa 0.3. Cire gulukos gaba ɗaya, yana danne flhDC, ƙwayoyin halittar da ke kunna ƙera jela, ƙwayar ba za ta fid da jelar iyo ba. Yi amfani da tiriptan kashi 1 da gishiri kashi 0.5, zafi digiri 30. Kuma soka ɗigon cikin agar, ba a kansa ba.

Ma'aikacin labo: Gaskiyar Malama. Digiri 30 ɗin nan shi ne wahala a garin nan, a watan Afrilu ɗakin kansa ya fi haka, kuma akwatin ɗumi ba ya sanyaya komai. Zuba faranti da yamma, karanta da asuba. Agar mai laushi ba a kife shi, kuma in ya kwana a buɗe busasshiyar iska ta shanye ruwansa, 0.3 ɗinka ya tashi daga 0.3. Tiyofilin kuma 5 mM ya yi yawa, yana rage girman ƙwayar. Jera 0, 0.25, 0.5, 1 da 2 mM.

Dakta, mai binciken RNA: Ɗan'uwa, ga abin da ke ruɗa mutane. CheZ aikinsa cire fosfat daga CheY, furotin da ke sa ƙwayar juyi in yana ɗauke da fosfat. In babu shi ƙwayar juyi kawai take a wuri ɗaya. In ya yi yawa kuma, sai ta miƙe ba juyi, ta cusa kai a ramukan agar ta maƙale. A ido duka biyun ɗigo ne da bai faɗaɗa ba. Filasmid mai kwafi da yawa ko faramota (makunnin ƙwayar halitta) mai ƙarfi na iya jefa ka can ko babu magani. Ɗebi ɗigo ka duba a madubin ƙara girma, minti biyu sun isa ka bambance mai juyi da mai miƙewa. Sa faranti ɗaya na RP437, E. coli da ba a cire wa cheZ ba, don ka ga iyo na ƙwarai, ɗaya kuma na kafeyin: bambancinsa da tiyofilin metil ɗaya ne, amma RNA ɗin ya fi kama tiyofilin sau 10,000, don haka bai kamata ya motsa ta ba.

Kuma a rubutunka kar ka ce ƙwayar tana jin ƙamshin maganin tana binsa. Ba ta kwatanta yawansa yanzu da na ɗazu kamar yadda take yi da asfatet, amino asid ɗin da take bi da kanta. Inda ya yi yawa ne kawai ta fi samun tafiya. Kana neman wani sinadari daban, ka sani takardar 2010 da ta gwada irin wannan aiki da atirazin, maganin kashe ciyawa, an janye ta daga baya.

Ɗalibi daga Maraɗi: Na gode malamai, Allah ya ƙara basira. Filasmid ɗin pUC ne, mai kwafi da yawa. Gobe zan fara da madubin.