Littattafan Baba 400 da gara: kanta ko salula?

Sa'adu Bagalam: Assalamu alaikum. Baba ya bar mana littattafai kusan 400, har da warƙoƙin ajami na rubutun hannu. Ɗakin na laka ne, gara ta fara hawa bango, ga damina ta ƙarato. Jaka 50 ke hannuna. In yi kanta, ko in ɗauki hotonsu a salula in rabar?

Malam Ilya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Kanta ta ƙarfe za ka yi. Ka janye ta santimita 10 daga bango, hawan ƙasa ya tashi santimita 30. Kowace ƙafa a saka ta cikin gwangwanin tumatir da baƙin mai, gara ba ta ƙetare shi. A shafe ƙarfen da fenti, don tsatsa na ɓata takarda. Jaka 45 ta isa.

Mushe Habu: 45 ina? Mai walda ba zai taɓa ta ƙasa da jaka 80 ba. Ka yi ta katako, amma kada tsawon hawa ya wuce santimita 80, in ba haka ba ya lanƙwashe.

Malam Ilya: Katako a ɗakin da gara ta riga ta shiga, Mushe? Tuwo ka kai mata.

Mushe Habu: Ɗakin karatun lakwal, wato makaranta, muke kula da shi, Malam, ba ji muka yi ba.

Rabi: Ku sa a buhun leda ku ɗaure.

Hajiya Zinaru: A'a ƴata, leda na riƙe laima, zuwa Agusta sun yi fumfuna. Warƙoƙin ajami kuwa, Sa'adu, tsakanin kwali biyu ake sa su, a naɗe da farin ƙyalle, a kwantar. Kada salatif ya taɓa su, yana ɗago tawada. Busasshen ganyen dogon yaro na rage ƙwari, amma ba ya tsai da gara.

Nasiru Zariya: Hoto fa? Littafi 400, shafi 200 kowane, shafi 80,000 ke nan. Ka ɗauki na rubutun hannun kaɗai, da hasken safe, ka aje a wuri biyu, don katin memori na jabu ya yi yawa.

Ɗanladi: Salular Nasiru ta fi garar cin littafi, PDF dubu, bai buɗe ko goma ba 😄

Alhaji Mamman: Duk garar ƙasa kuke magana. Mai aro ya fi ta ɓarna. Littafi mai juzu'i 4, a zo da ladabi a ari na 2, shekara ta zagayo, ka tambaya a ce wani ɗalibi ya tafi da shi Katsina. Juzu'i ɗaya ba a sayar da shi shi kaɗai, saura ukun sun zama marayu. In ka matsa, a ce ka yi rowar ilimi.

Hajiya Zinaru: Kaye ake buɗewa, Alhaji: suna, lamba, ranar maidowa.

Alhaji Mamman: Wa zai miƙa wa surukinsa kaye ya sa hannu?

Sa'adu Bagalam: To, baƙin man ba zai sa wa takardun wari ba?