A raba yaranmu da waya ne, ko a yi yaya?

Kawu Abdu: Na faɗa, ina kuma maimaitawa: TikTok ne ke cinye hankalin yaran garin Tawa. Duk wanda bai kai shekara 16 ba, a raba shi da shi. Ostireliya ta yi dokar a 2024. Mu me muke jira?

Malama Rabi: Kawu, ciwon da kake faɗi na gan shi da idona. Wata ɗalibata, ƴar ajin BEPC (jarrabawar kammala kwaleji), mai ƙoƙari, ta koma kifa kai a tebur tun da hantsi. Da na ja ta gefe, sai ta miƙo mini wayar. An ɗauki hotonta a wurin biki, ƴan ajinsu suna ta yawo da shi a WhatsApp, ana dariyar baƙinta. Har uku na dare tana cikin sange tana karanta zagin. Sati biyu bayan nan na ga fuskarta ta fara ɗayewa da man bilicin. A zamaninmu, in an tashi daga lakwal, ba'a ta ƙare. Yanzu har shimfiɗa take bin yarinya.

Sani: Kawu, a yi haƙuri in sa baki. Baba shekara uku ke nan yana ci-rani a Abijan. In aka karɓe wayar, ta ina zan ga fuskarsa?

Kawu Abdu: Ɗana, kiran mahaifi daban, kallon rawa har asuba daban.

Yaya Hadiza: A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi cewa matashin da ke wuce awa uku a rana a waɗannan kafofi, haɗarin shiga damuwa da ƙuncin rai ya ninka a kansa. Amma Kawu, wani yaron dama da ƙuncinsa ya shiga wayar, don ba mai saurarensa a gida. Ka ƙwace ta, ƙuncin na nan.

Malama Rabi: Kuma dokar wa za ta kama? Kamfanonin sun ce sai mai shekara 13, yara na ƙara shekarun haihuwa su shige, galibi ma da wayar uwa. Ni a gidana bayan isha'i kowace waya cikin kwano take kwana a ɗakina, tawa ce ta farko. Barcinsu ya dawo.

Kawu Abdu: Ban sauka daga maganata ba. Amma yarinyar nan fa, iyayenta sun sani?

Malama Rabi: Na je gidansu, uwar ta yi kuka. Yarinyar ta daina shafa man. Sai dai har yau ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba.