Script ɗina ba ya jiran ffmpeg ya gama, karatu yana yankewa

Ɗan Gumel: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon caji da tura karatu a memori nan kusa da Maigatari. Na rubuta script (ɗan shirin kwamfuta) da yaren Python yana kiran ffmpeg, manhajar sauya sauti da bidiyo, ya matse tafsiri ya koma ƙaramin mp3, daga nan ya kwafa cikin memorin mutum. To ranar Alhamis da kasuwa ta ci wani dattijo ya dawo da rediyonsa, ya kunna min a gaban mutane, karatun minti arba'in ana minti shida ya tsaya cak, wlh abin ya dame ni don daga ƙauye ya taho kuma kuɗinsa ya biya. subprocess.Popen nake amfani da shi wajen kiran ffmpeg ɗin, kuma in na saka fayil talatin laptop ɗin zafi take har batirin sola ya sauka. Ina matsalar take don Allah?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Sa time.sleep, wato script ɗin ya dakata na minti ɗaya kafin kwafin.

Malam Habu: A'a Sadiq, ƙanena, wannan kintace ne, wani fayil ɗin daƙiƙa goma zai gama wani kuma minti uku bai ishe shi ba. Ɗan Gumel, shi Popen tayar da shirin kawai yake ya wuce layi na gaba, ba ruwansa da ko an gama. Kenan kana kwafe fayil ffmpeg na tsakiyar rubuta shi, shi ya sa ya yanke, kuma talatin ɗin nan duk lokaci guda suka tashi, ga dalilin zafin nan. Koma subprocess.run, tun Python 3.5 aka kawo shi, shi yana tsayawa sai shirin ya fita. Ka haɗa da check=True, domin kowane shiri in ya gama yana dawo da lamba, 0 na nufin lafiya lau, in wata lamba ce zai jefo CalledProcessError kwafin ba zai faru ba. In dole sai Popen to ka kira wait a bayansa, amma kar ka haɗa shi da PIPE, wato bututun da ke kawo wa script abin da shirin ke fitarwa, ffmpeg surutu gare shi a stderr, hanyar fitar da saƙonninsa, bututun na cika su biyun su tsaya kowa na jiran kowa. A nan communicate ake kira, shi yana kwashe abin da ke cikin bututun har shirin ya gama.

Ɗan Gumel: Na gode Malam, na canza, zafin ya ragu sosai. Sai dai yanzu a fayil na huɗu ya tsaya shiru kusan rabin awa.

Malam Habu: Duba ko akwai tsohon fayil mai wannan sunan. ffmpeg tambayarka yake ko ya rubuta a kansa, yana jiran amsa. Ƙara masa -y don ya rubuta ba tare da tambaya ba, sannan ka ba run ɗin timeout=600 don in wani ya maƙale a kashe shi bayan minti goma.

Ɗan Gumel: Haka ne kuwa, ragowar na jiya ne a ciki. Duk talatin sun fita cikakku, Allah Ya saka da alheri. Na ware memorin Baba zan sake tura masa kyauta ranar Alhamis in sha Allah.