Wa ya ce Divrigi ƙauye ne?

Nura Sakarya: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, gara in faɗa a nan kowa ya ji. Tun farkon zangon karatu muke shirin hutun ƙarshen Janairu, mu hau jirgin ƙasan gabashin Turkiyya daga Ankara zuwa Kars, mu yada zango wuri ɗaya a hanya. Na ce Divrigi. Sai yau aka kira ni wai an yanke shawara ba da ni ba, a Erzurum za a sauka, saboda wani yana da aboki mai katifar kyauta. Katifa fa! Tafiyar kilomita 1,300, kwana da wuni kana cikin tarago don ka ga duwatsu da dusar ƙanƙara, sai ka ƙare a birni mai cunkoson bas irin wanda ka baro. Ni dai na faɗa kuma ba zan janye ba: duk layin nan babu wurin sauka kamar ƙauyen Divrigi. Wanda ya wuce shi, barci ya biya kuɗi ya yi.

Hajjo: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyar Yaya Nura.

Dakta Bashir Sivas: Malam Nura, ina tare da kai har ka zo kan kalma ɗaya. Ƙauye? Divrigi ce ƙauye? Hedikwatar gunduma ce a lardinmu na Sivas, kuma a zamaninta fadar sarauta ce. Masallacin da kake son zuwa gani sarkinta Ahmed Shah ne ya gina shi a 1228, asibitin da ke manne da shi kuma gimbiya Turan Melek ta gina. A 1985 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya, suna cikin na farko-farko a Turkiyya. A wane ƙauye ka taɓa ganin haka?

Nura Sakarya: Dakta, yabo nake yi. Ina nufin wuri ne ƙarami, shiru, babu hayaniya.

Dakta Bashir Sivas: To ka ce ƙaramin gari. Bakano ne kawai zai zagi wuri ya ce yabo yake.

Ilu Damagaram: Dakta ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Su Kanawa duk inda babu Kantin Kwari ƙauye ne. Da kunnena na ji wani ya kira Damagaram ƙauye, garin da yake da fadar sarki da ganuwa, wanda ya riƙe babban birnin Nijar kafin Faransawa su mai da shi Yamai a 1926.

Nura Sakarya: Ilu, kai da ba a taɓa jin kukan jirgin ƙasa a garinku ba, me ya kawo ka maganar tasha? Mu tun 1911 dogo ya shigo Kano.

Ilu Damagaram: Ya shigo, ya kwashe gyaɗa, ya tafi. Yanzu ka je ka tsaya a tashar ka gaya mana ƙarfe nawa zai zo.

Hajjo: Taubasai kun fara ke nan.

Sadiƙu ɗan Jos: Ni a ganina mutane nawa ne a wurin, shi ne magana. In sun haura 10,000 gari ne.

Dakta Bashir Sivas: Sun haura.

Shugaba Mansur Erzurum: Da ƙyar. Kuma rabi suna Santambul, sai da bazara suke dawowa.

Dakta Bashir Sivas: Shugaba, a ina ka samo wannan rabin?

Shugaba Mansur Erzurum: Wani abokin karatuna ɗan can ne.

Ustaz Kabiru: A Hausa akwai tsani. Akwai tunga, akwai ƙauye, akwai alƙarya, akwai birni. Wuri mai kasuwa da masallacin Juma'a alƙarya ne. Ku ce alƙaryar Divrigi kowa ya huta.

Ilu Damagaram: Alƙarya ko dai ƙarya, Ustaz?

Ustaz Kabiru: Ka ji tsoron Allah, Ilu.

Maman Hanif: Ku yi haƙuri in sa baki, ni da maigida da yara mun bi layin nan da hunturu. Ba sunan wurin ne abin dubawa ba, lokacin da jirgi yake isa ne. Yana barin Ankara da yamma, Kayseri da Sivas duk cikin dare ake wuce su. Gari yana wayewa ne wajen Divrigi, daga nan zuwa Erzincan jirgi yana bin kwazazzaban kogin Furat, rami bayan rami, nan ne kyan tafiyar yake. Erzurum sai bayan la'asar. Sarikamish kuwa, garin da ke dab da Kars, da dajin itatuwanta da kowa yake ɗauka a hoto, duhu ya riga ya rufe kafin ku isa, fuskarku kawai za ku gani a gilashi. A dawowa abin juyewa yake: jirgi yana tashi daga Kars da safe, ku ga Sarikamish da rana, Divrigi kuma cikin duhu. Don haka mai son Divrigi ya sauka a tafiya, mai son Sarikamish ya bari sai dawowa. Sannan jirgin sau ɗaya yake wucewa a rana, in kun sauka sai na gobe, da sabon tikiti. Gadon da kuka bari ba jiran ku zai yi ba, wataƙila kujera za ku samu.

Hajjo: Anti, Allah ya saka da alheri. Wannan ce maganar.

Sadiƙu ɗan Jos: Ni abin da yake ba ni dariya yadda kuke tsoron sanyi. Mu da muka tashi a Jos ba a yi mana barazana da hunturu.

Shugaba Mansur Erzurum: Sadiƙu, kai da kake Antalya kana yawo da silifa a Disamba? Erzurum tana kan tudu kusan mita 1,900. Da dare sanyi yana wuce digiri 20 ƙasa da sifiri. Ka fita da jiƙaƙƙen gemu ka dawo da shi a sandare. Sanyin Jos ai fanka ce.

Sadiƙu ɗan Jos: A Jos ma ƙanƙara tana zuba.

Shugaba Mansur Erzurum: Ta damina, mai fasa gilashin mota ta narke kafin a sha shayi. Ka je Sarikamish ka tambaya. A hunturun 1914 zuwa 1915 dubun-dubatar sojojin daular Usmaniyya ta Turkiyya suka halaka a duwatsun wurin ƙarƙashin ministan yaƙinsu Enver Pasha, da yawansu ba harsashin Rasha ne ya kashe su ba, sanyi ne da cuta.

Ustaz Kabiru: Allah ya jiƙan musulmi. Tunda an zo nan, wa ya yi tunanin salla? Kwana da wuni a jirgi, salloli biyar cif. Ku yi ƙasaru, ku haɗa azahar da la'asar, magariba da isha.

Dakta Bashir Sivas: Ustaz, ka dai yi a hankali da haɗawar nan a gaban mutanen ƙasar. Yawancinsu Hanafawa ne, ba sa haɗa salla don tafiya sai a Arfa da Muzdalifa. Wani tsoho zai tsare ka da tambaya.

Ustaz Kabiru: Ya tambaya in ba shi amsa. Ni ba don tsoho nake salla ba.

Nura Sakarya: Jama'a, maganata fa ta wurin sauka ce.

Ilu Damagaram: Ka fara janye ƙauye tukuna.

Nura Sakarya: Ba zan janye ba. Ku ne kuka mai da ƙauye zagi. Kakana a ƙauye yake, can muke zuwa hutu mu sha fura mai kyau.

Dakta Bashir Sivas: To a ƙauyen kakanka akwai ƙofar dutse da aka sassaƙa kamar ɗinkin babbar riga? Ka je ka tsaya gaban ƙofofin masallacin nan. Hurrem Shah mutumin garin Ahlat ne maginin, ganye da taurari sun fito daga jikin bango kamar za ka tsinke su. Shekaru aka yi ana gyaransa, sai 2024 aka sake buɗewa. Mutanen garin ma suna nuna wata inuwa a bakin ƙofa, in rana ta karkata, wai siffar mutum ne a tsaye yana salla.

Ustaz Kabiru: Wannan kuma tatsuniyar masu jan baƙi ce. Inuwa ba ta salla.

Dakta Bashir Sivas: Ban ce tana yi ba. Na ce suna nunawa.

Shugaba Mansur Erzurum: In gini ne, mu ma muna da makarantar nan mai hasumiya biyu, ita ma ta ƙarni na 13 ce. Ga dutsen Palandoken a bayan gari, inda aka yi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. Ga tsiren cag, naman rago a kwance kan itace, wanda ya ci shi zai daina yi mana kurin balangu.

Hajjo: Shugaba, a nan kam ka wuce gona da iri. A bar balangu a inda yake.

Sadiƙu ɗan Jos: Babu yaji babu ƙuli, wane irin tsire ne wannan?

Shugaba Mansur Erzurum: Ka zo da yajinka a leda, kamar kowa.

Maman Hanif: Na manta ban faɗa ba. Ɗakin kwanan jirgin gado huɗu ne, kuma ba sa haɗa maza da mata sai in ku kuka saye ɗakin gaba ɗaya. Hajjo, in za ki, ki nemi 'yan'uwa mata tun yanzu. Tikitin hunturu ba ya daɗewa.

Hajjo: Ni ai ba a gayyace ni ba, Anti. Ina dai kallo.

Ilu Damagaram: Kin ga halin Kanawa. Tafiya ma sai sun yi ta a ɓoye kamar cinikin fili.

Nura Sakarya: Ilu, wallahi ka fita daga idona. Hajjo ki yi haƙuri, ba ni na tsara sunaye ba, masu katifa ne.

Ustaz Kabiru: Kuma akwai maganar muharrami.

Hajjo: Ustaz, daga Katsina na zo Ankara ni kaɗai da izinin Baba. Kada mu buɗe wannan yau.

Ustaz Kabiru: Na yi shiru, amma ba don na yarda ba.

Dakta Bashir Sivas: Har yanzu ina jiran Malam Nura.

Nura Sakarya: Sai dai ka kwana kana jira, Dakta.

Shugaba Mansur Erzurum: To jama'a, dare ya yi, wasu suna da jarrabawa gobe. Ga abin da zaure ya tsayar. An yi ittifaƙi cewa Divrigi ƙaramin wuri ne, ko Dakta da ya fi kowa kare ta bai ce birni ba ce. Maman Hanif, wadda ita kaɗai ta yi tafiyar a cikinmu, ta tabbatar cewa wanda ya sauka a can zai rasa gadonsa. Ustaz ya nuna inuwar da ake zuwa gani ba ta da asali. Ba wanda ya kawo aibin Erzurum ko ɗaya, in ban da maganar yaji, ita ma an warware ta. Saboda haka shawarar abokan tafiyar Nura tana kan daidai, kuma katifar da ya raina a ɗakina take, har da bargo biyu. Sadiƙu kuma zaure ya umarce shi ya zo da silifansa mu gani. Na rufe rubutu zuwa bayan sallar asuba, mai ƙorafi ya same ni ta gefe.