Taurarin da na saƙa sun ƙi miƙewa, a taimaka min

Maman 'Yan Biyu, Jos:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kwarashi. Don Allah a ba ni shawara, lokaci na neman ƙure min. Ni dai hula da safar jarirai na iya, su nake sayarwa. To maƙwabciyata ce ta ce in saƙa mata taurari 30, za ta rataya a bishiyar Kirsimeti da tagogin falonta. Ban taɓa yi ba amma na amsa, don matar nan duk shekara sai shinkafarta ta Kirsimeti ta shigo gidanmu, da wane baki zan ce a'a?

Na yi 12 da ragowar zaren ulu, fari da ja, da kwarashi mai lamba 2.5. Kowanne na gama sai tsakiyarsa ta lotsa kamar ƙoƙo, ƙafafun nan biyar su nannaɗe kamar busasshen ganye. Na tsoma huɗu a sitaci, suka bushe da farin gari a jiki, laushin kuma yana nan. Na ɗora wa ɗaya dutsen guga, ya narke ya manne a ƙasan dutsen, har yanzu ina kankara. Saura kwana 16. Hannuna ne ko zaren?

Inna mai saƙa, Zariya:
Wa alaikumus salam 'yata. Zaren ne, ki daina zargin hannunki. Abin da muke ce wa ulu a kasuwa yawancinsa bai taɓa ganin tunkiya ba, roba ce aka ja ta zama zare. Abin da ba ya shan ruwa ina zai sha sitaci? Shi ya sa ya zauna a sama ya bushe gari. Ki yanko ɗan guntu ki kusanta masa ashana. Idan ya ci wuta kamar takarda ya bar toka, auduga ce. Idan ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri, roba ce.

Ki je kasuwar Terminus a nan Jos ɗinku ki nemi zaren auduga siriri, irin wanda muke saƙa shimfiɗar tebur da marfin jug, lamba 10. Kwarashinsa na ƙarfe ne, 1.5 ko 1.75. Wancan 2.5 ɗin ya yi wa ulu ƙanƙanta, 4 ya kamata ki sa masa. Matsewar ce ta jawo lotsawa.

Malama, Kaduna:
Ƙari a kan maganar Inna, ki duba ƙirgenki. Saƙar zagaye idan ta yi ƙoƙo, idanun saƙar, wato kowane suka ɗaya na kwarashi, sun yi kaɗan. Idan bakin ya yi tattara, sun yi yawa. Ga yadda nake nawa: sarƙa 5, ki haɗe ta zama zobe. Ki zuba dogayen idanu 15 a cikin zoben, sarƙa 3 ta farko tana cikin lissafi, ki rufe. Kowace ƙafa kuma sarƙa 5 ce, sai ki dawo a kanta kamar mai sauka daga matakala. Ki tsallake ta bakin kwarashi, ki sa gajerar saƙa a ta biyu, matsakaiciya a ta uku, doguwa a ta huɗu, mai naɗi biyu a ta ƙarshe. Ki tsallake ido biyu na zoben, ki zarge a na uku. Sau biyar, ido 15 sun ƙare cif. In ido ɗaya ya ragu, to kin yi kuskure a baya, ki warware, kada ki ce za ki ɓoye shi.

Amarya, Bauchi:
Ni sukari na ji ana dafawa da ruwa a tsoma, yana ƙandarewa sosai.

Hajiya Babba, Kano:
Amarya, yana ƙandarewa kam, amma kiyashi za ki yi wa walima. Na gwada shi a kan wani kwandon ado da na saƙa, kwana uku aka yi layi daga bakin ƙofa har saman kabad. Damina na shigowa ya yi danƙo ya zube. A bar sukari wa shayi.

Maman 'Yan Biyu, hanya biyu ce. Sitacin rogo, amma dafaffe, ba wanda aka kaɗa a ruwan sanyi ba. Ki dama shi da tafasasshen ruwa har ya yi kauri kamar koko ya yi sheƙi, ki bari ya huce, ki murza tauraron a ciki ya sha har cikin zaren, ki matse da tsumma. Yanzu hunturu ne, iska a bushe take, zai tsaya ƙyam. Sai dai in an ajiye shi a akwati, laimar damina za ta sassauta shi, kyankyaso ma yana son sitaci. Ɗaya hanyar kuma farin gam ɗin nan na kafintoci, cokali ɗaya na gam, cokali ɗaya na ruwa. Yana bushewa farin ya ɓace, kuma badi ma haka za ta fito da abinta. Tunda mutuniyarki duk Disamba za ta rataya su, ni gam zan zaɓa.

Amma duk wanda kika sa, sirrin yana wajen shanya. Tauraro a yadda ya bushe haka zai zauna. Ki sami kwali mai kauri, ki zana da'ira da bakin kofin shayi. Sai ki ɗauke ta kamar fuskar agogo, ki ɗiga alama a kan ƙarfe 12, sannan a minti 12, 24, 36 da 48. Nan ne tsinin ƙafafun biyar, tazararsu ɗaya. Ki lulluɓe kwalin da farar leda don kada ya manne, ki kafa tsinke a tsakiya, ki ja kowace ƙafa har kan alamarta ki soke. Ni tsinken sakace nake sa wa, don allurar tela ta taɓa yi min tsatsa a kan farin zare, tabo biyar ja-ja, babu yadda ban yi ba bai fita ba. A inuwa za ki ajiye, cikin ɗaki, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta manne a jiƙaƙƙen gam, farinki ya koma ruwan ƙasa. Ki ba shi kwana guda cur kafin ki cire.

Malama, Kaduna:
Jan zaren ki jiƙa guntu a farin kofi tukuna ki ga ko yana zuba. Kuma ki ɗaura igiyar rataya bayan ya bushe, kada ita ma ta ƙandare.

Maman 'Yan Biyu, Jos:
Allah ya saka da alheri. To waɗancan 11 da suka rage fa, asara ke nan?

Inna mai saƙa, Zariya:
Wace irin asara? Ki soke su a kan matashi, ki riƙe dutsen guga mai tururi sama da su kamar yatsa biyu, kada ya taɓa. Tururin kaɗai yana kwantar da roba, kuma in ta kwanta ba ta tashi. Ba za su yi tauri ba, sai ki jera su a doguwar sarƙa a rataya a saman taga. Ki dai gaya mata ta nisanta su da kyandir. Waɗanda kika sa wa sitaci ki ɗauraye su tukuna.

Amarya, Bauchi:
Hajiya na tuba da sukari! Ni ma zan gwada da zare mai ruwan gwal, in haɗa da jinjirin wata don adon azumi.

Maman 'Yan Biyu, Jos:
'Yan uwa na dawo. Na samo audugar, na yi uku jiya da ƙirgen Malama, biyu a gam, ɗaya a sitaci don in gani. Yau da safe na cire tsinkayen, na riƙe na gam ta ƙafa ɗaya bai lanƙwasa ba. Na sitacin ma ya tsaya, sai dai ya fi dushewa. Na miƙa mata ɗaya ta katanga, ta ce a ƙara 10 na 'yar uwarta da ke Bukuru. Kowanne yana cin minti 20 a hannuna, kwali ɗaya kuma guda shida yake ɗauka, don haka na tura 'yan biyu shagon unguwa su roƙo min kwalaye.