Tambaya: wai ana tsakiyar yaƙin Hitila ma ba a fasa raba kyautar Oska ba?

Ɗan Zuru Mai Kyamara, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan dandali. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka. Kwanakin baya wani abokin sana'a ya loda mini tsofaffin fina-finan Turawa marasa kala a filas, to in na gama haɗa aikin mutane da dare sai in kunna ɗaya. Labarin bai dame ni ba, Turancinsu ma da sauri yake fita. Abin da nake bi shi ne inda suke kafa fitila. Akwai wani mai suna Casablanca, duk inda aka kawo fuskar matar nan Ingrid Bergman sai ka ga ƙwayar idonta na sheƙi, gefen kumatunta ɗaya da haske, ɗayan kuma inuwa ta ɗan rufe shi. Na gwada haka a kan wata amarya a Gesse da fitila biyu da farin mayafi a gaban gilashin kyamara, uwar amarya ta ce in ƙaro wuta, ɗiyarta ta yi duhu.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. An rubuta cewa fim ɗin ya ci Oska, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a 1944. A shekarar nan kakana yana dajin Boma da kakin soja, shi da samarin ƙasar Zuru da yawa, wasu ba su dawo ba. Ta yaya duniya na cin wuta wasu kuma na can suna biki suna tafa wa juna? Sannan masu riƙe kyamara irina ana tunawa da su a rabon, ko jarumai kaɗai ake kira? In kuma akwai fim ɗin wancan zamani da ya nuna sojojinmu har ya ci wani abu, don Allah a faɗa mini sunansa in nema.

Malam Na Tudun Wada, Gusau

Wa alaikumus salam ɗana. Na koyar da tarihi a sakandare har na yi ritaya, kuma ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi.

Ba a fasa ba ko sau ɗaya. Tun 1929 ake rabon, kuma an yi shi kowace shekara ta yaƙin har ya ƙare a 1945. Inda aka kusa fasawa shi ne bayan Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941. Daga baya suka ce a yi, amma a rage armashi. Aka taru ranar 26 ga Fabrairu 1942 a otal ɗin Biltmore da ke Los Anjalis, aka hana kayan ƙawa, jarumi James Stewart ya hau dandamali da kakin soja ya miƙa wa Gary Cooper kyautarsa. A 1944 suka bar liyafar cin abinci gaba ɗaya suka koma gidan silima, aka raba wa sojoji tikiti kyauta. Shi kansa mutum-mutumin Oskan, shekara uku ana yin sa da farar ƙasar nan da ake silin POP da ita, a shafe da fenti, don ƙarfe ya yi wuya. Da aka gama yaƙi aka ce kowa ya kawo nasa a musanya masa da na gaske.

Amma kada ka ɗauka bikin nan wasa ne a gefen yaƙi. Yana cikin yaƙin tsundum. Duba wanda ya lashe kyauta 6 a bikin 1943, Mrs. Miniver, labarin wata uwa a Ingila da jiragen Jamus ke zuba wa garinsu bama-bamai. Huɗubar da limamin coci ya yi a ƙarshen fim ɗin, Shugaba Roosevelt na Amurka ya sa an karanta ta a rediyo, an kuma buga ta a takardu an watsa daga jirgi a ƙasashen da Jamus ta mamaye. Daraktansa William Wyler bai halarci bikin ba, yana Ingila da sojan sama, matarsa ta karɓa masa. A wannan shekarar har katun ɗin Donald Duck mai yi wa Hitila ba'a ya ci kyauta. A ɓangaren fina-finan gaskiya kuwa, wato waɗanda ake ɗaukar abin da ya faru a zahiri, maimakon a zaɓi ɗaya sai aka ba huɗu: biyu na Amurka, ɗaya na Tarayyar Sobiyat, ɗaya na Ostireliya. Ni a ganina rabon goro ne aka yi wa abokan kawance, kowa ya samu na sa wa a baki.

Masu kyamara kuwa suna da kyautarsu, har kashi biyu: ta fim mai kala da ta maras kala. Haka masu haɗa hoto, masu sauti, masu kiɗa, masu gina wurin wasa. Wanda ya haska maka fuskar Bergman sunansa Arthur Edeson. An sa shi a takara, bai ci ba, Arthur Miller ya kayar da shi. Wannan Miller ɗin dai shi ya kayar da Gregg Toland a 1942, alhali aikin Toland a Citizen Kane shi ake koyarwa a makarantun fim har gobe, inda na kusa da na nesa duk suke fitowa tar a hoto ɗaya. Ka nemi wannan ka kalla, zai yi maka amfani a zauren biki.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu ɗauka a fagen daga. Kyamarar da yawancin sojojin Amurka ke riƙewa, Eyemo, wani ake yi mata da hannu kamar agogo, kuma zaren fim ɗin da take ci ƙafa 100 ne, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ya ƙare. Sai mutum ya tsuguna ya canja wani ana harbi a kansa. John Ford ya ji rauni a hannu yana ɗaukar harin Midway a 1942. Damien Parer, wanda hotunansa suka ciyo wa Ostireliya Oskarta ta farko, an harbe shi a tsibirin Peleliu a 1944 yana bakin aiki. Harold Tannenbaum, ɗaya daga cikin masu kyamarar Wyler, jirgin da yake ciki aka kakkaɓo. Shi Wyler ya dawo gida da kurumta.

Duk da haka, ba duk abin da aka kira gaskiya ne gaskiya ba. Desert Victory na Ingila da ya ci a 1944, wani yanki na harin dare a El Alamein a sutudiyon Pinewood aka sake shirya shi. December 7th, shi ma mai Oska, yawancin harin da ke ciki da ƙananan jiragen wasa aka haɗa shi a Kalifoniya. Alƙalan ba su damu ba.

Batun kakanka ne mai ɗaci. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da Arakan, da kaya a ka, jirgin sama na jefo musu abinci, kuma a Janairun 1945 suka karɓe Myohaung. Bataliyoyin Nijeriya sun shiga cikin Chindit, wata runduna ta musamman ta Ingilishi a Boma, a 1944. Holiwud ta yi fim ɗin Boma a 1945, Objective, Burma!, Errol Flynn ne jarumi, aka mai da yaƙin kamar na Amurkawa zalla. Ingilishi suka fusata don an shafe su, aka janye fim ɗin daga silimun Landan bayan kamar mako guda. Duk da haka ya shiga takarar Oska a ɓangare 3. Su Turawan Ingila suna da jaridun da za su yi musu kururuwa. Namu kuwa sai sunan bariki: Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Dodan a Ikko. Yara na wucewa ta ƙofarsu kullum, ba su san daga ina sunan ya zo ba.

Kwamanda Na Jega

Hhhh wato mutum ya sha wahala shekara guda a ba shi POP. Da ni ne wallahi sai na ce a ba ni kuɗin siminti kawai. Allah ya ƙara lafiya Malam.

Bazamfaren Ƙaura

Kwamanda kana dariya, amma wagga magana ta ƙarfe ta shafe mu kai tsaye. Malam, a yi mini izini in ɗora.

Mutum-mutumin ga na Oska, a wancan lokaci jikinsa haɗin ƙarfe ne wanda mafi yawansa kuza ce, sannan a yi masa ruwan zinariya. Ita kuza, babbar mahaƙarta a hannun Ingilishi tana Malaya, Japan kuwa ta ƙwace Malaya a farkon 1942. Sai ido ya dawo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗiban talakawa daga lardunan Arewa ala tilas ana kai su haƙar kuza, abin da tsofaffinmu ke kira ɗiban gwamna. Hakimi ya rabo wa dagaci adadi, dagaci ya shiga gida gida. Ƙanen kakata na cikin waɗanda aka sa jirgin ƙasa nan tashar Ƙaura. Ya dawo da tari wanda bai rabu da shi ba. Shi dai abin da yake ta faɗi shi ne sanyin Jos, mutum na cikin ruwa har gwiwa da asuba da kwano a ka, ga abinci ba ya isa. Mutane da yawa can aka rufe su.

To in an ce 'yan fim sun yi sadaukarwa don sun karɓi na farar ƙasa, ni ba ni tafi. Su an musanya musu bayan yaƙi.

Uwar Biyu, Argungu

Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba masaniyar fim ba, amma mutum biyu nake so ƙanena na Zuru ya sani.

Ta farko Hattie McDaniel, baƙar fata ta farko da ta ci Oska, a Fabrairun 1940, yaƙi na da wata shida da farawa a Turai. Otal ɗin Ambassador da aka yi bikin ba ya karɓar baƙaƙe, sai da aka roƙa aka bar ta ta shiga, kuma ba a zaunar da ita tare da abokan aikinta na Gone with the Wind ba, wani ɗan tebur aka ba ta can jikin bango. Ko mutum-mutumin ba ta samu ba, don a lokacin allo ake ba mataimakan jarumai. Ta bar wasiyya a kai shi Jami'ar Howard, can ya ɓace, sai a 2023 aka ba jami'ar madadinsa. Gidan da ya yi wa tasa 'yar ƙasa haka, kana jiran ya tuna da sojan Dabai ko na Ribah?

Na biyu Harold Russell. Soja ne, ba ɗan wasa ba. Nakiya ta tashi a hannunsa wurin horo a 1944, hannu biyu duka suka tafi, aka sa masa ƙugiyoyin ƙarfe. Wyler da Malam ya ambata ya ɗauke shi a The Best Years of Our Lives. Akwai wurin da yake nuna wa yarinyar da zai aura yadda yake kwance ƙugiyoyin in zai kwanta, yana gaya mata in ƙofa ta rufe a haka ba ya iya buɗewa. Na yi jinyar waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa, har da yaran da aka kawo daga daji da harbi, kuma abin da ya fi cin ransu ke nan: maɓallin riga, buta, wanda zai taimaka musu a bayi. A bikin 1947 masu shiryawa sun ɗauka ba zai ci ba, suka tanadar masa kyautar girmamawa, sai kuma ya ci ta gasar. Oska biyu a kan rawa ɗaya. A 1992 ya sayar da ɗaya a kan dala 60,500, ya ce don maganin matarsa. Hukumar Oska ba ta so ba.

Ni wannan fim ɗin na fi yarda da shi a kan masu tuta da fareti, ko da yake sai da aka ajiye bindiga suka iya yin irinsa.

Ɗan Iyaka, Kamba

Mu nan bakin iyaka muna kallon na Faransanci, to bari in cike wa Ɗan Zuru tambayarsa ta ƙarshe. Fim ɗin sojan Afirka da ya ci kyauta akwai, sai dai ba a zamanin yaƙin ba, kuma ba Bature ya yi shi ba. Usman Sembene na Senigal, wanda shi kansa an ɗauke shi sojan Faransa a 1944, ya yi Camp de Thiaroye tare da Thierno Faty Sow. Labarin sojojin da suka dawo daga Turai suka nemi haƙƙinsu, sojan Faransa suka buɗe musu wuta a barikin Caroy kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944. Ya ci kyautar alƙalai ta musamman a bikin fina-finai na Benis da ke Italiya a 1988. Shekara 44 ke nan tsakani. Sai Indigènes na 2006, kan sojojin Aljeriya da Maroko, wanda jarumansa suka raba kyautar gwarzon jarumi a bikin fina-finai na Kan da ke Faransa, har gwamnatin Shugaba Chirac ta Faransa ta gyara fanshon tsofaffin sojojin bayan fitarsa.

Shi bikin Kan ɗin ma ranar 1 ga Satumba 1939 aka shirya buɗe shi karo na farko, ranar Jamus ta afka wa Foland, sai 1946 aka yi. Ka ga su sun fasa, Amurka ce da teku ya raba ta da wuta ba ta fasa ba.

Ɗan Zuru Mai Kyamara, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Malam, na sami Citizen Kane a cikin filas ɗin, zan zauna masa. Yaya ta Argungu, Dabai ɗin da kika ambata nan ne garin kakan nawa.

Maganar Ɗan Iyaka ta sa na kira gwaggona a Zuru. Ta ce lambobin kakana biyu na nan cikin akwatin ƙarfe da takardar sallamarsa, kuma akwai wata tsohuwa a unguwarsu da mijinta ya je Boma, har yanzu tana iya waƙar da suke yi in suna maci. Ina da aikin biki a can ƙarshen wata, zan tafi da makirfo mai maƙalawa a riga in zauna da ita. Bazamfare, in akwai sauran wanda ya ji labarin ɗiban gwamna daga bakin masu shi a Ƙaura, turo mini saƙo ta akwati. Ɗan Iyaka kuma, na Sembene ɗin akwai mai rubutun Turanci a ƙasa, ko Faransanci ne zalla?

Ɗan Iyaka, Kamba

Akwai mai rubutun Turanci. Ya haura awa biyu, ka tanadi data. In ka shigo kasuwar Kamba ka zo da filas ɗinka in zuba maka.