Ƙwace dukiya da umarnin doka: kalmomin Sifaniyanci da takwarorinsu a Turanci

Shawarar da masu fassarar takardun kotu suka fi nanatawa ita ce a fara duba wane ne ya karɓe dukiyar, kuma saboda me, kafin a zaɓi kalma.

Embargo ce ta fi kayar da mutane. A Turanci takunkumin ciniki take nufi, irin wanda Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba, amma a kotun Sifaniya riƙe kayan wanda ake bi bashi ne har ya biya. Idan gida ne ko mota, attachment ko seizure ake cewa. Idan albashi ne, Amurkawa kan ce garnishment, a Ingila kuwa attachment of earnings. Dokar shari'ar farar hula ta Sifaniya ta 2000 ma, a sashe na 607, ta hana taɓa albashin da bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne, domin abincin iyali ake magana a kai.

Incautación kuwa kama kaya ne da 'yan sanda ko jami'an kwastan ke yi, wato seizure, kuma ana iya mayar wa mai kaya da kayansa. A decomiso kuwa, dukiya ta tafi ke nan: kotu ta mallaka wa gwamnati abin da aka samu ta hanyar laifi, wato forfeiture ko confiscation.

Masu fassara kan kuma ja kunne kan secuestro, wadda ke nufin garkuwa da mutum, ta kuma nufi ajiye kayan da ake jayayya a kai a hannun amintacce. A Meziko za ka fi ganin aseguramiento a maimakon incautación, don haka a tabbatar daga wace ƙasa takardar ta fito.